Ciwon kan da maganin ciwon kai ke jawowa: yadda ake gane shi da yadda ake rabuwa da shi

Akwai wani nau'in ciwon kai da likitoci suka ware masa babi na musamman, domin abin da ke rura shi shi ne maganin da ake sha don a kashe shi. Mai fama da shi yakan wayi gari da kai a ɗaure, ya haɗiyi ƙwaya biyu tun kafin karin kumallo, ya samu sassauci na 'yan sa'o'i, zuwa la'asar ciwon ya dawo, ya sake kai hannu aljihu. Da tafiya ta yi tafiya, ciwon da a da yake zuwa sau biyu ko uku a wata sai ya koma na kusan kullum, ƙwayar kuma ta rage aiki. A ganin mai shi, ciwon ne ya tsananta, shi ya sa yake ƙara magani. Bai san maganin ma ya shiga sahun masu haddasa ciwon ba.

Ciwo ne mai warkewa, kuma matakinsa na farko ba ya cin ko kwabo: a daina shan abin da ya jawo shi. Wahalar tana wurin gane shi, da kuma jure kwanakin farko bayan an daina. A gari irin Fagam, cikin ƙaramar hukumar Gwaram a kudancin Jihar Jigawa, inda kemis ya fi likita kusa, zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu kuma sai an tanadi kuɗin mota an sadaukar da yini guda, waɗannan abubuwa biyu ne ke raba wanda ya warke da wanda zai shekara goma yana saye yana haɗiya.

Kwanaki ake ƙirgawa

Ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya tana da kundin da ta rarraba ciwon kai iri-iri a cikinsa, wanda bugunsa na uku ya fito a 2018. A cikin kundin, ana cewa mutum yana da wannan ciwo idan abubuwa uku suka haɗu. Ya kasance dama can yana da wani ciwon kai da yake fama da shi, galibi ciwon ɓarin kai ko ciwon kai mai ɗaurewa kamar an naɗa rawani an tamke. Ya kasance yanzu kansa yana ciwo kwana 15 ko fiye a wata. Sannan ya kasance ya haura wata uku yana shan maganin kashe ciwon fiye da ƙima.

Ƙimar kuwa ta danganta da irin maganin. Ga magunguna marasa gauraye, wato farasitamol shi kaɗai, ko asfirin, ko ibufurofen, ko dikulofenak da danginsu, iyakar ita ce kwana 15 a wata. Ga tiramadol da kodin da sauran dangin ofiyom, da agotamin, da magungunan ciwon ɓarin kai da ake kira tiriftan, da duk wani magani mai gauraye (misali farasitamol haɗe da sinadarin kafeyin), iyakar kwana 10 ce kacal.

A lura, ba yawan ƙwayoyi kundin ya ƙirga ba. Wanda ciwo ya kwantar da shi ranar Talata, ya sha farasitamol biyu da safe, biyu da rana, biyu da dare, sannan ya yi mako biyu bai sake taɓawa ba, bai shiga wannan sahu ba. Wanda yake shan biyu rak kowace safiya da shayinsa ya shiga, ko da bai taɓa wuce abin da aka rubuta a jikin kwali ba. Nan ne mutane masu kiyayewa suke ruɗuwa, domin suna ganin tun da ba su zarce adadin yini ba, ba su yi laifi ba.

Haka kuma sauya magani ba ya kuɓutar da kowa. Wanda ya sha farasitamol kwana shida, ibufurofen kwana huɗu, tiramadol kwana uku, babu ɗaya da ya kai iyakarsa shi kaɗai, amma idan aka tattara magunguna daga gidaje daban-daban irin haka suka kai kwana 10 a wata, hukuncin ɗaya ne.

Yadda aka gano shi

A 1951 wasu likitoci biyu na asibitin Mayo a Amurka, Peters da Horton, suka bayyana halin marasa lafiya masu ciwon ɓarin kai da suka koma shan agotamin kullum, kansu kuma ya koma ciwo kullum, da aka raba su da maganin sai suka samu sauƙi. A cikin shekarun nan dai aka lura da irin wannan a masana'antun agogo na ƙasar Suwizalan, inda ma'aikata suka saba da shan maganin ciwo mai sinadarin fenasetin a bakin aiki. Su ban da ciwon kai har da lalacewar ƙoda, abin da daga baya ya sa ƙasashe da yawa suka janye sinadarin daga kasuwa. Sunan da ake kiran ciwon da shi a yau ya shiga kundin masana ne a bugu na biyu, a 2004.

A mafi yawan ƙasashen da aka yi ƙidaya, mutum 1 zuwa 2 cikin kowane baligi 100 ke fama da shi, mata sun ninka maza sau uku zuwa huɗu, kuma ya fi kama masu shekara 30 zuwa 50, wato masu ɗauke da nauyin gida. A Afirka alƙaluman sun sha bamban ƙwarai. Binciken gida-gida da aka wallafa a 2015 a kan Zambiya ya samu kusan mutum 7 cikin 100, mazauna birni kuma sun ninka na ƙauye sau da yawa. Irinsa da aka yi a Habasha bai kai mutum 1 cikin 100 ba. Masu binciken sun danganta yawan da aka gani a biranen Zambiya da sauƙin samun magani ba tare da ganin likita ba. Ma'aikacin gwamnati a Dutse da ɗan kasuwar Kwari a Kano ba su fi manomin Fagam tsira ba ke nan; kusancinsu da kantin magani da kuɗin da ke aljihunsu ma sun fi jefa su cikin haɗari.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Ƙwaƙwalwa tana da hanyoyin jin zafi, tana kuma da nata hanyoyin danne zafin. Idan maganin ciwo ya riƙa shiga jiki kusan kullum, jijiyoyin da ke ɗauko saƙon zafi daga kai da fuska sukan ƙara saurin tunzura, hanyoyin dannewar kuma su yi rauni. Abin da a da bai isa ya tayar da ciwo ba, kamar ɗan jinkirin abinci ko awa guda a rana, yanzu ya isa. Da zarar maganin ya fara fita daga jini sai ciwon ya taso. Shi ya sa ya fi addabar mutum da asuba, bayan dogon daren da bai sha komai ba.

Wani abin lura shi ne ba kowa yake kamawa ba. An duba masu ciwon gaɓoɓi da ke shan maganin ciwo kullum shekara da shekaru, aka tarar ciwon kai na kullum bai same su ba, sai waɗanda dama suna da ciwon ɓarin kai. Wato sai ƙasa ta kasance a jiƙe iri yake tsirowa. Wannan yana da amfani a aikace: mai ciwon ɓarin kai da ke shan dikulofenak kullum saboda ciwon baya ko gwiwa zai iya jawo wa kansa wannan ciwo, alhali ba don kai ya sha ba.

Ba ya kuma zuwa dare ɗaya. Wani bincike a Jamus da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa masu shan tiriftan sukan kai ga ciwon kullum cikin ƙasa da shekara biyu, masu agotamin cikin kusan shekara uku, masu magungunan ciwo na yau da kullum kuwa cikin kusan shekara biyar. Tsawon wannan lokaci ne ke ɓoye alaƙar. Da wuya mutum ya zargi ƙwayar da ta shekara huɗu tana yi masa rana.

Kemis, haɗi, goro da tiramadol

A Fagam da Gwaram da Sara da Basirka, kamar sauran garuruwan karkarar Arewa, wurin farko da mai ciwon kai yake nufa shi ne kemis. Ba abin zargi ba ne: yana kusa, yana buɗe har dare, mai shi ɗan gari ne, yakan ma ba da bashi. Hukumar kula da harhaɗa magunguna ta Najeriya ce ke ba masu kemis lasisi, kuma lasisin ya taƙaita su ga magungunan da ba sa buƙatar takardar likita, a cikin mazubinsu na asali. Farasitamol da ibufurofen da asfirin duk suna cikin halastattu. Matsalar wannan ciwo ke nan: ana iya kamuwa da shi ba tare da mai saye ko mai sayarwa ya karya wata doka ba.

Abin da ya fi rikita lissafi shi ne haɗi. Mutum ya dawo daga gona ko daga kasuwa, ya ce a haɗa masa na gajiya da ciwon kai, a ɓallo ƙwayoyi uku ko huɗu daga katuna daban-daban a ƙulle masa a leda. Ya san launinsu, bai san sunansu ba. Sau da yawa a cikin haɗi ɗaya akan samu magunguna biyu 'yan gida ɗaya, kamar ibufurofen da dikulofenak, waɗanda tarayyarsu ba ta ƙara kashe ciwo sai dai ta ƙara ƙona ciki. Wanda yake karɓar haɗi duk yammacin da ya gaji a lokacin noma ko girbi ya haye kwana 10 tun kafin wata ya raba, kuma idan likita ya tambaye shi abin da yake sha, iyakar amsarsa ita ce fara da ja da mai ruwan ɗorawa.

Sai kuma kafeyin. Yawancin magungunan ciwon kai da suka fi farin jini suna ɗauke da shi, domin yana ƙara musu sauri da kaifi. Panadol Extra farasitamol ne da kafeyin. Garin Alabukun, wanda Jacob Odulate ya ƙirƙiro a 1918 kuma har yau ake sayar da shi a ko'ina, asfirin ne da kafeyin. Cafergot agotamin ne da kafeyin. Dukansu magunguna ne na gaskiya masu aiki idan aka sha su jefi-jefi, amma dukansu suna ƙarƙashin iyakar kwana 10, ba 15 ba. Kafeyin ɗin nan dai shi ne a cikin goro da ganyen shayi da kofi da lemukan ƙara kuzari na gwangwani. Dattijon da ke cin goro daga hantsi zuwa isha, ya sha shayi safe da dare, sannan ya ɗora ƙwaya mai kafeyin, jikinsa ya saba da abin ta ƙofa uku. Ranar da ya rasa, kai zai sara cikin sa'a 12 zuwa 24. Ciwon kan da mutane da yawa ke yi a ranakun farko na azumin Ramadan yana da nasaba da wannan, tare da ƙishirwa da sauyin barci, kuma yakan lafa da kansa. 

Tiramadol shi ne mafi muni a wannan babi. Ƙarfin da hukumar NAFDAC ta amince da shi na yau da kullum shi ne miligiram 50 da 100, amma ana fasa-ƙwaurin masu 200 da 225. Binciken ƙasa da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Najeriya sun yi amfani da dangin ofiyom na asibiti ba bisa umarnin likita ba, galibinsu tiramadol. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ba duk mai shan waɗannan ne ya fara don maye ba. Akwai lebura da ɗan acaɓa da uwar gida da suka fara da neman sauƙin ciwo ko ƙarfin aiki. Sai dai ciwon kan da dangin ofiyom suka jawo ya fi wuyar rabuwa, kuma masu shi sun fi kowa komawa ruwa.

Kafin a ɗora wa magani laifi

Ba kowane ciwon kai na kullum ne wannan ba, kuma a yankin da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau suke, kuskuren ɗauka yana iya cin rai. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman a watannin zafi kafin saukar damina, na gaggawa ne. Haka ciwon da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba. Da wanda ya zo tare da raunin hannu ko ƙafa, karkacewar baki, sarƙewar harshe, ruɗewa ko farfaɗiya. Da wanda ya biyo bayan faɗuwa daga babur ko bugu a ka. Da sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50. Da wanda ke ƙaruwa mako bayan mako tare da amai ko dushewar gani. Mai juna biyu da cikinta ya wuce wata biyar, idan kanta ya matsa da ciwo, tana ganin walƙiya ko fuska da hannuwa sun kumbura, a auna jininta a ranar, domin yana iya zama share fagen jijjiga.

Duk mai ciwon kai na kullum ya kamata a auna hawan jininsa, a kuma duba idonsa idan ya daɗe bai yi ba. Akwai ƙarin dalili: ibufurofen da dikulofenak suna ɗaga jini, suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda, musamman ga mai aiki cikin rana bai sha isasshen ruwa ba. Farasitamol kuwa idan ya wuce giram 4 a yini ga baligi, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, yana iya lalata hanta. Wanda ya shekara yana shan su kullum yana da buƙatar a duba fiye da kansa.

Dainawa

Idan an tabbatar babu ɗaya daga cikin waɗancan, sai a fuskanci maganin. Abin mamaki, bayani kaɗai yana yin aiki. A Nowe an gwada koya wa likitocin unguwa su zauna da mara lafiya na 'yan mintuna, su nuna masa cewa maganinsa ne ke rura ciwon, su ba shi shawarar ragewa. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa bayan wata uku waɗanda aka yi wa bayanin sun rage shan magani sosai, kwanakin ciwon kansu ma sun ragu, saɓanin waɗanda aka bari a kan yadda aka saba. Wannan abu ne da ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin Fagam zai iya yi ba tare da na'ura ko ɗaya ba.

Ga mai shan farasitamol, asfirin, ibufurofen, dikulofenak, agotamin, tiriftan ko masu gauraye da kafeyin, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a yanke lokaci guda, ba a ja da baya sannu-sannu ba. Ƙa'idar hukumar lafiya ta Ingila ta ce a daina na aƙalla wata guda. Cibiyar ciwon kai ta Denmak tana yin wata biyu, kuma da ta gwada yankewa gaba ɗaya da taƙaitawa zuwa kwana biyu a mako, binciken da ta fitar a 2018 ya nuna waɗanda suka yanke gaba ɗaya sun fi samun sauƙi. Dalilin a fili yake: wanda aka bar masa ƙofa a buɗe kullum yana cikin ciniki da kansa, yau ce ranar ko gobe.

Dole a gaya wa mutum gaskiyar abin da zai biyo baya, in ba haka ba zai koma kemis a rana ta uku yana cewa an cuce shi. Ciwon zai ƙaru kafin ya ragu. Za a iya samun tashin zuciya, amai, rashin barci, faɗuwar gaba, gumi da saurin fushi. Galibi wannan yakan ɗauki kwana 2 zuwa 10. A wani binciken Jamus na 2001, masu barin tiriftan sun fita cikin kimanin kwana 4, masu agotamin kimanin kwana 7, masu magungunan ciwo na yau da kullum kuwa kusan kwana 10. Bayan nan kai yakan fara washewa, amma cikakkiyar ribar sai an yi wata ɗaya zuwa biyu ake ganinta.

Saboda haka zaɓen lokaci yana da muhimmanci. Manomi kada ya fara a tsakiyar girbi, ɗan kasuwa kada ya fara ana jibi cin kasuwa ko a makon sallah, ma'aikaci ya haɗa da hutunsa ko ya fara ranar Alhamis da yamma domin mafi tsananin ya faɗa a ƙarshen mako. Direba da ɗan acaɓa su ajiye tuƙi a kwanakin farko. A sanar da mutanen gida, a kuma kwashe sauran ƙwayoyin daga aljihu da ƙarƙashin matashi da aljihun mota. Uwar gida mai yara ƙanana tana buƙatar wadda za ta kama mata girki na 'yan kwanaki. Rashin wannan kaɗai ya isa ya rushe niyyar.

A cikin kwanakin, abin da ke taimakawa ba shi da tsada: ruwa mai yawa, abinci a kan lokaci ko da kaɗan ne, ɗaki mai duhu da iska, tsumma mai sanyi a goshi, barci a lokaci ɗaya kowane dare. Idan amai ya hana shan ruwa, likita zai iya ba da maganin tsayar da shi. Goro da shayi kuwa a rage su da kaɗan-kaɗan, kada a haɗa wa kai yaƙi biyu a mako ɗaya. Allura da ƙarin ruwa, waɗanda jama'a ke ganin sun fi ƙwaya daraja, ba sa gajarta wannan zango ga wanda ke iya ci da sha, kuma allurar dikulofenak ko fentazosin komawa gidan jiya ce ta wata ƙofa. An gwada magungunan sitiroyid irin su firedinisolon domin sassauta kwanakin, sakamakon bai tsaya a magana ɗaya ba, ba kuma abin da mutum zai saya wa kansa ba ne.

Akwai waɗanda wannan shawara ta yankewa ba tasu ba ce. Mai shan tiramadol ko kodin kullum, ko mai haɗawa da maganin barci irin su dayazafam, a hankali ake janye shi, ƙarƙashin kulawar likita, wani lokaci ma sai an ba shi gado. Yankewa farat ɗaya tana jawo ciwon jiki da gudawa da firgici mai tsanani, ga mai dayazafam kuma har da farfaɗiya. Irin wannan shi ne ya cancanci tafiya Birnin Kudu ko Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse tun daga farko. Mai cutar sikila kada ya ajiye maganin ciwonsa sai da shawarar likitansa. Wanda aka ɗora a kan ƙaramin asfirin na miligiram 75 saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya ci gaba da abinsa. Mai juna biyu da mai fama da matsananciyar damuwa su ma su fara da ganin likita.

Maganin hana tasowa

Dainawa tana cire abin da ke rura wutar, amma ciwon asali yana nan. Mai ciwon ɓarin kai zai koma mai ciwon ɓarin kai, sai dai na lokaci-lokaci maimakon na kullum. Idan na asalin ma yana yawan zuwa, akwai magungunan da ake sha kowace rana domin rage tasowarsa. Su ba masu kashe ciwo ba ne, shan su kullum kuma ba ya jawo wannan matsala.

Wanda ya fi samuwa da araha a asibitocin Najeriya shi ne amitiriftilin, ana farawa da miligiram 10 zuwa 25 da dare. Yana busar da baki, yana sa nauyin barci, don haka gara a sha shi da wuri bayan magariba domin kada ya danne mutum da asuba. Haɗa shi da tiramadol haɗari ne, domin tare suna iya tayar da farfaɗiya, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ɓoye wa likita shan tiramadol ba dabara ba ce. Akwai furofaranolol, wanda ke da ribar sauke hawan jini, amma an hana mai asma. Akwai tofiramet, wanda ke rage gumi yana kuma iya jawo tsakuwar ƙoda, abin dubawa ga mai aiki a zafin Afrilu, sannan yana da illa ga ɗan tayi. Balfurowet kuwa ba a ba macen da za ta iya ɗaukar ciki. Tun daga 2018 aka fara samun sababbin allurai na wata-wata da aka ƙera musamman domin ciwon ɓarin kai, suna aiki har ga masu wannan matsala, amma tsadarsu ta sa ba su cikin lissafin yawancin mutane a nan.

Kowanne aka zaɓa, sai an ba shi wata biyu zuwa uku kafin a yanke masa hukunci, kuma nasara ita ce kwanakin ciwo su ragu da rabi. Masu yar da shi bayan mako guda saboda bai kashe ciwon ranar ba sun nemi abin da ba aikinsa ba.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan ko a fara da dainawa ko da maganin hana tasowa. Binciken Denmak na 2020 ya gwada hanyoyi uku, ya samu cewa haɗa biyun tun ranar farko ya fi warkar da mutane. Wani babban gwaji a Amurka mai mutum 720, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna cewa masu ciwon ɓarin kai da aka ɗora a kan maganin hana tasowa sun samu raguwar kwanakin ciwo mai tsanani ko da ba a raba su da maganinsu nan take ba. Wannan labari ne mai daɗi ga wanda ya gwada yankewa ya kasa. Amma ga mai haɗiyar haɗin da bai san abin da ke ciki ba, wanda cikinsa da ƙodarsa ma ke biyan kuɗin, dainawa ta fi zama dole.

Bayan an fita

Mutum 2 zuwa 4 cikin 10 sukan koma cikin shekarar farko, mafi yawansu a watanni shida na farko. Ƙa'idar da ke tsare mutum gajera ce: maganin kashe ciwo kada ya wuce kwana biyu a mako, a sha shi da wuri kuma cikakke a ranar da ciwon ya taso da gaske, a zaɓi mara gauraye, a nisanci tiramadol da kodin domin ciwon kai.

Kayan aikin da ya fi kowanne amfani shi ne kalandar bango, irin wadda ake rabawa a shaguna, ko littafin bashi na kanti. Duk ranar da kai ya yi ciwo a ja layi, duk ranar da aka sha magani a zagaye. Wanda bai iya rubutu ba ya jefa tsakuwa a gwangwani biyu. Tunani yana yaudara a wannan lissafi. Mutane da yawa da ke cewa jefi-jefi suke sha sukan tarar da zagaye 20 a ƙarshen wata. Ranar zuwa asibiti a tafi da kalandar, da kwalaye da katunan duk abin da ake sha, har da na gargajiya da ƙullin haɗin da ya rage, domin mai harhaɗa magunguna yakan iya gane ƙwaya da ganinta.

Akan so a koma wurin likita mako 4 zuwa 8 bayan an daina. Idan an cika wata biyu babu maganin kashe ciwo amma kwanakin ciwon ba su motsa ba, to a sake duba asalin cutar, kuma a nan ne ake neman takardar turawa zuwa ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.